Zane ya fice min a rai, wa ya taɓa shiga wannan halin?

Mai_Gawayi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina karanta hirarku ban taɓa cewa komai ba sai yau, dan Allah ku yi haƙuri da ni zancen zai ɗan yi tsawo.

Ni mai zane ne a nan Jos, wajen Gangare nake. Tun ina firamare nake abin nan, bayan littafin lissafina duk motocin tashar Bauchi Road ne da 'yan ƙwallo, bulalar da na sha akan haka Allah kaɗai ya san adadinta. Da na gama sakandare sai ya zama sana'a, zanen fuska da gawayi da fensir, yawanci na amarya da ango ko na bazde ko wanda ma'aikata ke haɗa kuɗi su ba oga idan zai yi ritaya. Shekara tara kenan, da shi nake ci da shi nake biyan haya, da shi na yi aure ma Alhamdulillah.

To tun bayan ƙaramar sallah zanen ya fice min a rai gaba ɗaya. Zan tashi da safe in goge tebur, in fiƙe fensira 2B da 4B da 6B in jera su, in manna takarda a jikin katako, sai kawai in zauna ina kallonta tana kallona har a kira azahar. Ba ciwo nake ba, hannuna ƙalau idona ƙalau, kuma ba mantawa na yi ba dan in na matsa wa kaina ina gamawa, kwastoma ya karɓa har ya yi godiya. Amma wannan abin da yake hana ni barci a da in ban gama inuwar ƙarƙashin ido ba, wanda zan tashi ƙarfe biyun dare cikin sanyin nan in kunna fitilar waya in ci gaba, shi ne babu.

Ina jin aikin da ya ƙarasa ni na wata baiwar Allah ne da ta turo hoton mijinta ta WhatsApp, hoton ma dishi-dishi kamar a cikin hazo aka ɗauka. Tace in rage masa hanci, in ƙara masa haske, in cike masa sajen da bai gama fitowa ba. Kwana huɗu na yi a kai. Da ta zo karɓa ta juya shi ta juya, tace yayi kyau amma ƙaninta yace da AI cikin minti ɗaya zai fitar mata da irinsa kyauta, dan haka in rage mata wani abu. Na rage. Ga takarda mai kyau da firem da gilashi duk sun yi tashin gwauron zabi tun da aka cire tallafin mai a 2023, amma in ka ƙara kuɗin aiki sai a ce maka ai fensir ne kawai.

Yanzu haka oda uku ce a ƙasa, ɗaya an ba ni rabin kuɗi na riga na cinye, mai ita ta kira ya fi sau biyar ina ce mata sanyi ne ke ƙanƙare min yatsu. Abin da ma ya sa na yi wannan rubutun, shekaranjiya 'yata mai shekara huɗu ta yago takarda ta kawo min tace Abba zana min mage, wlh na daka mata tsawa nace ta tafi wajen mamanta. Ta tsaya tana kallona da takardar a hannu. Har yanzu abin na cina.

Akwai wanda ya taɓa shiga irin wannan? Yana dawowa kuwa, ko in ya tafi ya tafi kenan? Dan wani abokina ya min tayin keke napep ina ta tunani.

Yar_FarinGada

Wslm yaya. Ni lalle nakeyi ba zanen takarda ba amma wlh kamar labarina kake bayarwa. Bara lokacin bukukuwan kafin azumi nayi amare ban san iyakarsu ba kuma kowacce sai ta nuno min hoto daya a Instagram tace irin wannan takeso, fulawa daya ganye daya har a mafarki ina zana shi. Daga baya ko warin lalle naji raina baci yake. Abinda nayi na goge Instagram daga wayata wata biyu dan gsky rabin ciwon daga can ne, kana ganin aikin yan Sudan da yan Indiya kana raina naka, kayi fostin ka zauna jiran layik kamar mai jiran albashi. Sai na koma yiwa kannena da yaran makota kyauta in zana musu duk shirmen da yazo min, wata na mata kifi a tafin hannu tana ta tsalle. A hankali naji hannuna ya fara kaikayi. Bance naka ma haka zai zama ba amma ka gwada. Kuma dan Allah ka nemi yarinyar nan ka zana mata magen nan.

Abu_Hanan

Ɗan uwa Allah ya yaye maka. Ni wani ɓangaren nake kallo, kar ka ji haushina. Ka san hadisan da suka zo a Bukhari da Muslim akan masu suranta abu mai rai, ba ƙaramin gargaɗi bane. Wa ya sani ko wannan ficewar da ya yi maka a rai wata ƙofa ce Allah ya buɗe maka. Baiwar hannu ai ba a fuska kaɗai ta tsaya ba, ga rubutun larabci na ado da ake ratayewa a falo, ga zayyanar allo ta masu saukar karatu, ga zanen aska takwas da ake fitar wa masu aikin babbar riga, ga dagi a jikin gini. Duk ana nemansu kuma ba ka da wani ɗar a zuciya.

Mai_Gawayi

Malam ban ji haushi ba, na gode. Maganar ta daɗe tana min yawo, na taɓa zama da malaminmu a kai tun ina farawa kuma ba zan ce zuciyata ta taɓa kwanciya ɗari bisa ɗari ba. Sai dai gsky yanzu ko bishiya aka ce in zana haka nake ji, rannan dagin ma na gwada na ajiye a rabi. Ina ga matsalar ta wuce ta fuska.

Telan_Katako

Kai abokina bari in faɗa maka gaskiya ko ba daɗi. Marmari ba ya biyan kuɗin haya. Ni shekara sha biyar ina kan keken ɗinki, kana tsammanin kullum da shauƙi nake taka shi? Daren sallah ina ɗinki ido na ruwa baya na ciwo, ba ruwan mai kaya da abin da nake ji a raina. Kun cika shagwaɓa ku masu zane. Ka ci kuɗin mutane ka tashi ka yi musu aikinsu shikenan. Napep ɗin ma da kake hange kwana nawa ne zai fice maka a rai, je ka tambayi masu jan sa daga Terminus zuwa Farin Gada.

Dattijon_Bukuru

Ɗana, jikana ne ke danna min wayar ina faɗa masa, in kun ga kuskure nasa ne.

Na riga ka faɗawa wannan ramin kuma na fi ka daɗewa a ciki. Sana'ata rubutun allon shago da zanen jikin mota. Manyan motocin nan masu bodin katako da ke ɗaukar dankali da kabeji zuwa kudu, in ka ga zaki a baya ko ɗawisu, ko an rubuta Haƙuri Maganin Zaman Duniya da harafi mai inuwa, to irin aikinmu ne. An yi lokacin da direba zai kwana biyu a Bukuru yana jiran layi ya zo kansa dan ni yake so in masa. Gobarar kasuwar Terminus ta 2002 ta cinye min fenti da buroshi da wani littafi da na tara samfurin haruffa a ciki tun ina yaron shago. Ban gama farfaɗowa ba injin buga fleks ya shigo gari, abin da zan kwana uku ina yi yaro zai danna kwamfuta ya fitar kafin la'asar, har da hoton mai shagon a jiki yana murmushi. Ba wanda ya kore ni, ni na ajiye buroshi da kaina na koma sayar da fentin gini. Shekara shida ko sunana ban rubuta da ado ba. In na ga allo an rubuta harafi a karkace sai in kau da kai in wuce.

Tela ya faɗi gaskiya amma rabi. Maganar kuɗin mutane haka take kuma ita za ka fara kashewa, dan wanda ake bi bashi ba ya ganin kyan komai. Wadda ta ba da rabin kuɗi ka kira ta yau ba gobe ba, ka daina laɓewa bayan sanyi, duk Jos wa sanyi ya hana aiki? Ka sa mata rana ka cika. Sauran biyun da ba su ba da komai ba, in ba za ka iya ba ka ba su haƙuri su nemi wani. Inda na saɓa da shi, tela in ya gaji yana da awo da zai bi, ya yanka ya haɗa riga ta fito. Kai ma kana da irin wannan aikin, ai ka ce in ka matsa kana gamawa. Abin da kake kuka a kai daban ne, idonka ne ya daina jin yunwa. Shekara tara kana kallon fuskar mutane a waya, fuskar ma ba yadda Allah ya yi ta ba, yadda mai ita yake so a gan shi. Yaushe rabonka da ka ƙura wa wani abu ido wanda ba turo maka aka yi ba?

Ni nawa ba wata dabara na yi ya dawo ba. Wani yammaci na raka ƙanina gonarsa ta bayan Rayfield, kusa da irin kududdufan nan da masu haƙar kuza suka bari. Ruwan ya yi wani kore-kore, ga jar ƙasa ta tsaya a bakinsa kamar da wuƙa aka yanka, sai na ji ina lissafi a raina, wannan koren in zan haɗa shi shuɗi nawa rawaya nawa, sai an ɗiga baƙi kaɗan. Ban ma san ina yi ba. Da na koma shago na buɗe ragowar gwangwanaye na haɗa a kan murfin bokiti. Bai yi ba. Washegari na sake. Mako guda cur ina neman kore ɗaya, ba wanda ya sa ni ba wanda zai saya, yaran shago har sun fara kallona.

Kai da kake Gangare ma gidan tarihi na kusa da kai, kuma na tabbata rabonka da shi tun da aka kai ku daga makaranta. Tun 1952 yake wurin, Bature Bernard Fagg ne ya kafa shi. Ka je ka tsaya gaban kawunan Nok, wato kawunan yumɓu da mutanen dā suka gina. Masu haƙar kuza ne suka riƙa tono su, wanda aka kai wa Fagg a 1943 ma sai da aka kafa shi a gonar doya yana korar tsuntsaye kafin a san darajarsa. Sun haura shekara 2000. Kai mai zanen fuska ne, ka duba yadda suke yin ido, kusan kusurwa uku da huda a tsakiya, ba su damu da sai ya yi kama da na wane ba amma sai ka ji kamar kai yake kallo. Wanda ya gina shi ba wanda ya ce masa rage min hanci. In ka fito ka zaga wajen gine-ginen gargajiya inda aka kwaikwayi masallacin Zariya da ganuwar Kano ka ɗan zauna a inuwa. Kuma kada ka tafi da fensir. Na san za ka so ka ɗauka dan kar zuwan ya tashi a banza, bar shi a gida.

Malama_Kubwa

Baba Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni malamar firamare ce a nan Abuja, kuma maganar Baba ta tuna min wani gwaji da muka karanta a darasin halayyar yara. A 1973 wasu masu bincike a jami'ar Stanford ta Amurka suka samu ƙananan yara masu son zane da kansu suka raba su gida uku. Kashi ɗaya aka ce musu in kun yi zane za a ba ku takardar yabo mai tambarin zinare, kashi na biyu aka ba su ita ba zato bayan sun gama, na uku ba a ba su komai ba. Bayan mako ɗaya zuwa biyu aka ajiye alƙaluman kala a aji aka zuba ido. Waɗanda aka yi wa alƙawarin kyauta tun farko, lokacin da suka yi suna zane kusan rabin na sauran ne. Yara 'yan shekara uku zuwa biyar fa, kuma sau ɗaya tak aka biya su. To ina ga wanda ya shekara tara duk layin da ya ja sai an yi ciniki a kai.

Ba cewa nake ka daina karɓar kuɗi ba, da me za a ci. Amma ka raba tukunya. Ka samu ɗan ƙaramin littafi wanda ba na kasuwa ba, kar ka ɗauki hotonsa kar ka sa a sitatus, ko madam kar ta gani in ba ka so. Kuma ka canza kayan aiki dan gawayin nan yanzu warin oda yake maka, ka ɗauki biro ko kalar ruwa ta yara ko yumɓu ma. Ladi Kwali da ke bayan naira 20 tun tana yarinya take ginin tukwane da hannu irin na Gbagyi, sai a 1954 tana dab da shekara talatin ta shiga makarantar tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, ta koyi juya yumɓu a kan faifai da shafa ruwan ƙyalli. Ƙadangaru da kunamu da kifayen da take zanawa a jikin tulu kuwa ba ta bar su ba, da su ta shiga sabon aikin.

Anti_Nas

Kowa ya kawo nasa, ni tambaya zan yi ƙanina dan aikina kenan. Zanen ne kaɗai ya fice maka a rai ko har da sauran abubuwa? Abinci fa, barci fa, hira da iyali, zuwa majalisa, kallon ƙwallo in kana yi? In ka ga komai da komai ya daina maka daɗi, ga nauyin zuciya kusan kullum har ya wuce mako biyu, barci ya lalace, kana jin ba ka da amfani ko tunanin gara mutuwa na zuwa maka, to wannan ba maganar littafin zane bace, ciwon damuwa ne kuma ana maganinsa kamar yadda ake na hawan jini. Akwai sashen likitocin ƙwaƙwalwa a JUTH, asibitin koyarwa na jami'ar Jos, zuwa can ba hauka bane. Tsawar da ka yi wa yarinya ce ta sa na yi maganar, mazanmu da yawa damuwarsu ba da kuka take fitowa ba da faɗa take fitowa.

Mai_Gawayi

Anti na gode ƙwarai. Abinci ina ci sosai ma, ƙwallo kuma ko jiya na je gidan kallo har muryata ta dashe. Barcin ne dai ya ragu, shi ma in na tuna kiran matar nan ne. Amma na riƙe maganarki, in na ga ya wuce haka zan je insha Allah. Baba na kira ta ɗazu, ta wanke ni soso da sabulu kuma da gaskiyarta, mun yi da ita ranar Asabar ta sama. Tela kai kuma Allah ya shirye ka, na san har yanzu ɗinkin sallar wani na wajenka.

Telan_Katako

Hhhh ka bar tone-tone. Ka dai gama na mutane.

Mai_Gawayi

Na dawo in ba ku labari tunda kun damu da ni. Na matar nan na gama na kai mata ranar Lahadi, kwana ɗaya na ƙara, ban ji daɗin yin sa ba ko kaɗan amma na gama. Oda ɗaya na ba da haƙuri, ɗayar na roƙi wata guda.

Gidan tarihi na je ranar Talata ba fensir kamar yadda Baba yace. Gsky da farko ji na yi na ɓata lokacina ina ta duba waya. Kawunan Nok na gani, idon nan haka yake kamar yadda ya faɗa, amma abin da ya tsayar da ni wata tsohuwar tukunya ce a ɓangaren tukwane, a wuyanta akwai inda mai ginin ta bi ta danna da babban yatsa ta zagaye, wani wurin ya nutse wani wurin bai nutse ba kuma ba ta damu ta daidaita ba. Na fi minti ashirin a tsaye a wurin.

A hanyar dawowa cikin napep muka maƙale a gosulo wajen Terminus, direban ya ja hular sanyi ta rufe kunne ɗaya ta danne ɗayan ya lanƙwashe ya leƙo waje. Na laluba aljihu, biro ne kawai da rasit ɗin kantin magani. Na zana kunnen a bayan rasit ɗin, keke na girgiza layin duk ya karkace. Wani dattijo da ke gefena ya leƙo yace wannan kuma mene ne, nace kunne ne Baba, yace Allah ya kyauta.

Ba zan ce muku ya dawo ba, jiya ma na zauna gaban babbar takarda na tashi ban yi komai ba. Amma rasit ɗin na nan a aljihuna kuma sun zama uku yanzu, akwai butar mai shayin layinmu da wani takalmi da na gani a ƙofar masallaci ɗaya ya hau kan ɗaya. Magen ma na zana, da jan biro a bayan kwalin sukari, na kai mata har ɗaki. Ta duba ta duba tace Abba wannan ai akuya ce, ta karɓe biron tace in zauna ta nuna min yadda ake yi.